Masu neman mafaka a Birtaniya: shin da gaske suna cin tallafi a bagas, kuma me ya hana a mayar da su?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar kula da tsofaffi ce a arewacin Ingila, da bizar aiki na zo. Kullum hirar abokan aikina ɗaya ce: wai masu shigowa ta ruwa an ajiye su a otal suna ci suna sha kyauta, gwamnati na ba su kuɗi, mu kuma ana yankar mana haraji. Ni kaina abin yana yi min ciwo, don ko kwabo ba ni da izinin karɓa daga gwamnati. Gaskiya ne suna cin tallafi haka? Kuma me ya hana a mayar da su inda suka fito?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ciwon da kike ji yana da tushe, ba kuma zan ce ki haɗiye shi ba. Ke da ke fita da duku-duku cikin sanyi, ki yi wa wannan tsohuwa wanka, ki ba wancan dattijo abinci a baki, a cire haraji tun kafin albashi ya iso hannunki, ki biya haya da wuta da harajin kansila, wato ƙaramar hukuma, sannan ga sharaɗi a kan bizarki cewa ba ki da rabo a tallafin gwamnati ko da ciwo ya kwantar da ke, dole ranki ya sosu in aka ce ga wani can a otal ba ya biyan ko sisi. Aikina ba mutane shawara ne kan dokokin shige da fice a ƙasar nan. Ina zama da irinki, ina kuma zama da mutanen otal ɗin. Abokan aikinki sun yi gaskiya da suka ce ana ɓarnatar da kuɗi, biliyoyin fam ma kuwa. Inda suka kauce shi ne sanin aljihun da kuɗin ke shiga da wanda ya jawo ɓarnar.

Mu fara da abin da ke isa hannun mai neman mafaka. Tun dokar da gwamnatin Tony Blair ta yi a 1999 aka fitar da su daga tsarin tallafin da 'yan ƙasa ke karɓa. Ba su da Universal Credit, wato tallafin wata-wata na marasa aiki da masu ƙaramin albashi, ba su da tallafin haya, ba su da kuɗin yara, ba sa shiga layin gidajen kansila. Abin da suke da shi tsari ne na daban a ƙarƙashin Ma'aikatar Cikin Gida, shi ma sai mutum ya nuna cewa ba shi da ko anini. A 2025, wanda aka ajiye a gidan da zai dafa wa kansa ana saka masa fam 49.18 a mako a wani kati, daga ciki zai ci abinci, ya sayi sabulu da sutura, ya hau mota. Wanda ke otal inda ake dafa masa kuwa abin da yake samu bai kai fam 10 a mako ba. Ki gwada wannan da kusan fam 400 a wata da babban mutum marar aiki yake samu a Universal Credit a shekarar, ban da kuɗin haya. Ba shi da zaɓin garin da za a kai shi, sau da yawa ɗaki ɗaya ake haɗa shi da baƙon da ko yarensu ba ɗaya ba. Yana ganin likita kyauta, 'ya'yansa suna zuwa makaranta, yana iya samun lauyan da gwamnati ke biya idan an dace.

Ba na raina rufin asirin nan. Ɗaki mai ɗumi da abinci sau uku a watan Janairu abu ne da ke kike biya da gumin goshinki, kuma wanda ya ce ba komai ba ne bai san tsadar ƙasar nan ba. Amma labarin cewa ana cika musu aljihu ba shi da asali.

Abin da ya fi muhimmanci, wanda kuma ba kasafai yake fitowa a hirar ɗakin shan shayi ba, shi ne doka ta haramta musu aiki. A da, wanda ya yi wata shida yana jira yana iya neman izinin aiki. A 2002 aka soke wannan. Yanzu sai mutum ya shekara cur yana jiran hukunci sannan zai iya nema, shi ma a wasu ayyuka ƙalilan da ke cikin jerin da gwamnati ta fitar. A Tarayyar Turai iyakar jiran wata tara ce, sabuwar dokarsu ma ta rage shi zuwa shida. Hujjar gwamnatocin Birtaniya, na Leba da na 'yan Mazan Jiya duka, ita ce barin su su yi aiki zai ƙara janyo wasu su tsallako. Hujja ce da ake iya saurara. Sai dai ki duba abin da ta haifar: saurayi ɗan shekara 25, lafiyarsa ƙalau, wataƙila makanike ne ko tela ko malamin makaranta, an zaunar da shi shekara biyu yana kallon bango, mutanen gari suna ganinsa a bakin otal da rana tsaka suna cewa malalaci ne. Doka ce ta zaunar da shi, harajinki kuma shi ke biyan kuɗin zaman.

Yanzu ga inda kuɗin yake. A 2019 Ma'aikatar Cikin Gida ta ba kamfanoni uku, Serco da Mears da Clearsprings, kwangilar shekara 10 ta samar da masauki. Tsarin asali shi ne gidajen haya masu araha da ake warwatsa mutane a cikinsu. A wannan shekarar ce kuma ma'aikatar ta jingine ƙa'idarta ta yanke hukunci kan fayil marar sarƙaƙiya cikin wata shida. Sai annobar korona ta zo a 2020, sai masu tsallako mashigin ruwan da ke tsakanin Faransa da Ingila a jiragen roba suka ƙaru: daga kusan 300 a 2018 zuwa fiye da 28,000 a 2021, zuwa fiye da 45,000 a 2022. Masu shigowa suna ƙaruwa, masu yanke hukunci ba sa cim musu, fayiloli suka yi ta taruwa har ya kai a ƙarshen Yunin 2023 mutum fiye da 175,000 ke jiran hukuncin farko. Duk wanda ke jira kuwa, a lokacin, doka ta wajabta a ba shi wurin kwana idan ba shi da shi. Gidajen haya suka cika, aka koma otal. A watan Satumba na 2023 mutum fiye da 56,000 ke cikin otal-otal kusan 400, ana kashe wajen fam miliyan 8 kowace rana. Kwanan mutum ɗaya a otal ya ninka kwanansa a gidan haya sau shida ko fiye. Ofishin binciken kuɗin gwamnati ya bayyana a Mayun 2025 cewa kwangilolin da aka yi tsammanin za su ci fam biliyan 4.5 yanzu an ƙiyasta za su ci biliyan 15.3. Wannan kuɗi ya tafi ne wajen masu otal da 'yan kwangila da kamfanonin gadi da na dafa abinci. Mutumin da ke cikin ɗakin yana nan da fam tara da ɗoriyarsa.

Akwai wani ɓangare da ya shafe mu kai tsaye. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta yarda a lissafa kuɗin shekarar farko ta mai neman mafaka a matsayin agajin ƙasashen waje. A 2023 fam biliyan 4.3, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na kasafin agajin Birtaniya, a cikin Birtaniyar aka kashe shi. Asusun da ake ɗiba don ciyar da yara a Borno da Yobe, ko taimakon Chadi wadda ke ɗauke da 'yan gudun hijira fiye da miliyan ɗaya, shi ne aka yi ta biyan kuɗin otal da shi. Wannan yana ƙona min rai ƙwarai.

Maimakon a ɗauki ma'aikata a share fayilolin, shekaru biyu aka ɓata a kan Ruwanda. A Afrilun 2022 gwamnatin Boris Johnson, ta hannun ministar cikin gida Priti Patel, ta ƙulla yarjejeniyar tura masu tsallakowa can. Jirgin farko a watan Yuni bai tashi ba saboda umarnin Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai da ke Strasbourg. A ranar 15 ga Nuwamban 2023 Kotun Ƙolin Birtaniya da kanta ta ce shirin ya saɓa doka, domin akwai haɗarin Ruwanda ta mayar da mutane inda suka gudo. Majalisa ta yi wata doka a 2024 ta ayyana Ruwanda a matsayin ƙasa mai aminci. Kafin nan, a Yulin 2023, an riga an yi dokar da ta hana a ba waɗanda suka shigo ta ɓarauniyar hanya izinin zama, bisa tunanin cewa za a kwashe su zuwa wata ƙasa. Ba a kwashe su ba, ba a kuma duba fayilolinsu ba. Dubun-dubatar mutane suka maƙale, ba gaba ba baya, kuɗin otal yana ta hawa. Da Keir Starmer ya hau mulki a Yulin 2024 ya soke shirin, ministarsa Yvette Cooper ta shaida wa majalisa cewa ya ci fam miliyan 700, kuma mutum huɗu ne kacal suka tafi Ruwanda, su ma da yardar kansu. Idan abokan aikinki suna neman inda aka wulaƙanta harajinsu, nan ya kamata su fara dubawa. In ba haka ba, an bar jaki ana dukan taiki.

Sai tambayarki ta biyu, me ya hana a mayar da su. Birtaniya na cikin ƙasashen da suka tsara Yarjejeniyar 'Yan Gudun Hijira ta Geneva ta 1951, wadda aka yi bayan Turai ta ga abin da ya sami Yahudawan da aka rufe wa ƙofa a zamanin Hitler. Sashe na 33 ya hana a mayar da mutum inda za a gallaza masa saboda launinsa, addininsa, ƙasarsa, ra'ayinsa na siyasa ko wani rukunin jama'a da yake ciki. Talauci ba ya cikin waɗannan, komai tsananinsa. Ba za a san wanda ya cancanta ba sai an saurare shi, shi ya sa duk wanda ya taka ƙasar ya nemi mafaka sai an buɗe masa fayil. Kuma babu wata biza ta neman mafaka da ɗan Darfur ko ɗan Eritiriya zai je ofishin jakadanci ya nema. An buɗe hanyoyi na musamman ga 'yan Yukren da 'yan Hong Kong da wasu 'yan Afganistan, amma ga mafi yawan mutane sharaɗin shi ne sai ƙafarka ta taka ƙasar. Wannan giɓi ne masu fasa-ƙwaurin mutane suke cin kasuwarsu a ciki, kuma mutane na mutuwa a hanyar. A dare ɗaya na Nuwamban 2021 aƙalla mutum 27 suka nitse.

Mutane suna cewa, ai Faransa lafiya lau take, me ya sa ba su tsaya can ba? Tambaya ce mai kyau. Da yawa sun tsaya: Jamus da Faransa da Sifaniya da Italiya sun sha karɓar buƙatun mafaka fiye da Birtaniya. Masu zarcewa galibi saboda Turanci ne, ko 'yan'uwa da ke nan, ko an ƙi su a can. Yarjejeniyar 1951 ba ta ce lallai sai a ƙasar farko ba. Tsarin Dublin na Tarayyar Turai ne ya ba da damar mayar da mutum ƙasar da ya fara shiga, Birtaniya kuwa ta fita daga cikinsa a ƙarshen 2020 tare da ficewarta daga Tarayyar. Ko a shekarun ƙarshe da take ciki ma, 'yan ɗaruruwa take iya mayarwa a shekara. Ba a tilasta wa wata ƙasa ta karɓi wanda ba ɗan ƙasarta ba sai da yarjejeniya. A Yulin 2025 ne Starmer da shugaban Faransa Macron suka ƙulla ta gwaji, a mayar da ɗaya a karɓi ɗaya ta halastacciyar hanya, amma adadin ƙanƙane ne idan aka gwada da masu tsallakowa.

Sannan ki dubi ƙasashen da mafi yawansu suka fito: Afganistan, Eritiriya, Iran, Sudan, Siriya. Ɗan Sudan da ya gudo daga yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, ina za a sauke shi? Kusan duk 'yan Sudan da 'yan Eritiriya da aka duba fayilolinsu an ba su mafaka. A 2022 kusan kashi uku cikin huɗu na duk hukunce-hukuncen farko amincewa ne. A 2024 abin ya sauko ƙasa da rabi, waɗanda aka ƙi kuma suka ɗaukaka ƙara, sai cunkoson ya tashi daga ma'aikata ya koma kotu, inda ƙararraki fiye da 50,000 suka taru a 2025. Inda ake da ƙasar da za ta karɓi mutanenta kuma ba yaƙi a cikinta, mayarwa tana aiki sosai. 'Yan Albaniya fiye da 12,000 suka tsallako a 2022. Firayim minista na lokacin, Rishi Sunak, ya yi yarjejeniya da gwamnatinsu a watan Disamba, aka riƙa gaggauta fayilolinsu ana sa su a jirgi, a shekara ta gaba adadinsu ya faɗi da fiye da kashi 90 cikin 100. Ba a fita daga wata yarjejeniya ba, ba a kashe miliyan 700 ba.

Jinkiri yana da wata illa da ba a cika lura da ita ba. Mutumin da aka ƙi cikin wata uku yana da sauƙin mayarwa. Wanda aka bari shekara shida ya yi aure, ya haifi 'ya'ya suna makaranta, sai lauyansa ya kawo sashe na 8 na Yarjejeniyar Turai ta kare haƙƙin ɗan adam, wanda ya shafi haƙƙin zaman iyali, kuma sau da yawa alƙali zai ga nauyin raba yara da ubansu. Jama'a sukan ji haushin alƙalin, alhali shekarun da aka ɓata ne suka gina wa mutumin hujjarsa.

Shin ana yin cuta a tsarin? Ana yi, kuma ɓoye hakan ba ya taimakon kowa. Akwai masu jefar da fasfo a ruwa su ambaci wata ƙasa. Akwai manyan da ke cewa su yara ne. Akwai masu sayen labarin da aka tsara musu su haddace, wani ya ce ya bar addininsa, wani ya ce ɗan adawa ne alhali bai taɓa zuwa ko taron siyasa ba. A Janairun 2024 wani ɗan Afganistan ya watsa wa wata mata da 'ya'yanta biyu sinadari mai ƙuna a unguwar Clapham ta Landan. Daga baya aka gano an ƙi buƙatarsa sau biyu, an taɓa samunsa da laifin lalata, amma ya yi nasara a ɗaukaka ƙara da hujjar ya zama Kirista. Duk wanda ya ji wannan ya fusata yana da gaskiya. Akwai masu hayar asusun wani a manhajojin kai abinci gida su yi aiki a ɓoye suna kuma kwana a otal ɗin gwamnati. Akwai kuma waɗanda suka shigo da bizar karatu ko aiki ko ziyara, sai da ta kusa ƙarewa suka nemi mafaka. Ma'aikatar Cikin Gida ta ce a 2024 kusan mutum 40,000 ne suka biyo ta wannan hanya, fiye da waɗanda suka tsallako ta ruwa a shekarar, kuma an ambaci Najeriya tare da Pakistan da Sri Lanka a cikin ƙasashen da aka sa wa ido. Wasunsu hali ne ya canza a gida bayan sun zo. Wasu kuma dabarar ƙara zama ce kawai.

Amma zamba cikin tallafin jin daɗin jama'a, wadda jaridu ke haɗawa da wannan batu, wani abu ne daban. Ma'aikatar ayyuka da fansho tana asarar fiye da fam biliyan 9 a shekara ta hanyar zamba da kuskure, galibi a Universal Credit, tsarin da mai neman mafaka ba ya iya shiga ma. Zamba mafi girma da aka kama, ta fiye da fam miliyan 50, wasu 'yan Bulgeriya biyar ne suka yi ta a arewacin Landan, aka ɗaure su a 2024. Ba ta jirgin roba suka zo ba, ba kuma mafaka suka nema ba. Sai an amince da mutum a matsayin ɗan gudun hijira sannan yake samun damar aiki da tallafi kamar kowa. A lokacin ne ake ba shi 'yan makonni ya bar masaukinsa, da yawa su ƙare a ofishin kansila suna neman wurin kwana. A nan kam ana samun gogayya ta gaske tsakaninsu da talakan gari.

Talakan garin nan shi ne ya kamata ki fahimta, domin shi ne abokin aikinki. Iyalai wajen miliyan 1.3 ke layin jiran gidan kansila a Ingila. Layin masu jiran a yi musu magani a asibitocin gwamnati ya haura miliyan 7. A Yulin 2024 aka cire wa miliyoyin tsofaffi kuɗin ɗumama gida na hunturu kafin a maido wa mafi yawansu daga baya. Masaukin masu neman mafaka kuma inda haya ta fi araha ake kai shi, garuruwa irin su Middlesbrough da Rochdale da Stoke da masana'antunsu suka mutu, ba unguwannin masu yanke shawarar ba. Sau da yawa kansila ma sai ana gobe take jin labari. Otal ɗin da mutanen gari ke bikin aure a ciki sai a wayi gari an rufe shi, an soke bukukuwa, an sallami ma'aikata. A kan wannan aka ɗora alkawuran da aka yi ta karyawa. Tsohon firayim minista David Cameron ya ce a 2010 zai rage yawan baƙi zuwa ƙasa da dubu ɗari a shekara. An ce ficewa daga Tarayyar Turai za ta maido da ikon kan iyaka. Sunak ya ce zai tsayar da jiragen robar. Sai ga shi a shekarar da ta ƙare a Yunin 2023 masu shigowa sun fi masu fita da mutum fiye da 900,000. Waɗanda suka zo ta jirgin roba ba su kai kashi 5 cikin 100 na duk masu shigowa ba. Mafi yawa ɗalibai ne da ma'aikata da iyalansu, mutane irinki, waɗanda gwamnati da kanta ta buga wa biza don asibitoci da gidajen tsofaffi da jami'o'i suna buƙatarsu. Amma jirgin roba ne ake gani a talabijin kullum.

Ina so ki riƙe wannan saboda lafiyarki. A ranar 29 ga Yulin 2024 aka kashe ƙananan yara mata uku a Southport. Cikin 'yan sa'o'i ƙarya ta bazu a intanet cewa Musulmi ne mai neman mafaka da ya zo ta ruwa, alhali a Cardiff aka haifi wanda ya yi kisan. Aka far wa masallacin garin, aka yi yunƙurin cinna wa wani otal wuta kusa da Rotherham da mutane a ciki. A bazarar 2025 zanga-zanga ta sake tashi a Epping bayan wani mazaunin otal ya ci zarafin yarinya 'yar shekara 14, shi kam laifi ne na gaske, kotu ta same shi da shi, aka kuma mayar da shi ƙasarsa. Iyayen da suka fito don tsoron lafiyar 'ya'yansu ba su ne masu ƙona otal ba, kuma kuskure ne a haɗa su a kira su duka masu wariya. Amma idan tarzoma ta tashi, babu mai tsayar da mace mai hijabi a tashar mota ya tambaye ta irin bizarta.

A Nuwamban 2025 ministar cikin gida Shabana Mahmood ta sanar da sauye-sauye da aka kwaikwayo daga Denmark: matsayin ɗan gudun hijira ya zama na wucin gadi, a sake dubawa duk bayan shekara biyu da rabi, jiran izinin zama na dindindin ya tashi daga shekara 5 zuwa 20 ga waɗanda suka shigo ta ɓarauniyar hanya, tallafi ya daina zama wajibi a kan gwamnati, a kuma taƙaita amfani da sashe na 8. Jam'iyyar Reform ta Nigel Farage da ta 'yan Mazan Jiya ƙarƙashin Kemi Badenoch suna so a fice daga Yarjejeniyar Turai ɗungurungum. A ganina ficewar ba za ta samar da ƙasar da za ta karɓi ɗan Eritiriya ba, ga shi kuma yarjejeniyar zaman lafiya ta Ireland ta Arewa ta 1998 tana ɗaure da ita. Sake duba fayil ɗin mutum ɗaya sau bakwai ko takwas kuwa ƙarin aiki ne ga ma'aikatar da ta kasa duba shi sau ɗaya a kan lokaci. Abin da nake ganin zai rage kuɗi da fushi tare shi ne hukunci mai inganci cikin wata shida, ƙarin alƙalan ɗaukaka ƙara, yarjejeniyar mayarwa da ƙasashen da ake iya mayarwa kamar yadda aka yi da Albaniya, fitar da wanda aka ƙi ba tare da ɓata shekaru ba, da barin wanda ke jira ya yi aiki ya biya haraji ya biya hayarsa. Wanda ke so a yi wa 'yan gudun hijira adalci dole ya yarda a fitar da waɗanda ba su cancanta ba, domin tsarin da ba ya fitar da kowa jama'a ba za su ci gaba da biyansa ba.

Tunda a wannan aikin kike, akwai abin da nake roƙonki ki isar wa 'yan'uwa. An soke lasisin ɗaukar baƙi na ɗaruruwan kamfanonin kula da tsofaffi, dubban ma'aikata suka rasa mai ɗaukar nauyinsu, kuma a wannan hali ne wasu ke zuwa musu da shawarar su nemi mafaka a rubuta musu labari. Mafi yawan buƙatun 'yan Najeriya ana ƙin su a matakin farko. Ko wanda ya fito daga yankin da 'yan bindiga suka addaba a Zamfara ko Katsina, amsar da aka saba ba shi ita ce yana iya komawa Abuja ko Legas ya zauna. Fasfonsa yana hannun hukuma, ba zuwa gida ko da rasuwa aka yi masa, idan bizarsa ta riga ta ƙare ba shi da izinin aiki, idan kuma aka kama shi da ƙarya ana iya hana shi shiga ƙasar har shekara 10. Wanda aka soke lasisin kamfaninsa galibi ana ba shi kwana 60 ya sami wani mai ɗaukar nauyi, kuma a Ingila akwai cibiyoyin yanki da aka kafa don haɗa irinsu da kamfanonin da ke neman ma'aikata. Ya fara da nan tun ranar da wasiƙar ta iso. Wanda kuma yake da tsoro na gaskiya a kan ransa idan ya koma, ya je wurin lauya ko mai ba da shawara da ke da rajistar hukuma, ya tambayi lambar rajistarsa ya duba ta kafin ya biya ko fam ɗaya, ya kuma faɗi abin da ya same shi yadda ya faru.